Haba masu gyara, Windows 11 a kan wannan?

Abin haushi a Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja a Legas: tsohuwar laftof mai RAM (ma'adanar wucin gadi) 4GB da faifan HDD mai juyi, sai a tsallake sharaɗin TPM 2.0 (guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata) a ɗora mata Windows 11. Tana tashi Windows ta cinye fiye da rabin RAM, ka buɗe Chrome sai RAM ta cika, laftof ta koma rubutu a faifai mai juyi, ta tsaya cak kamar cunkoson gadar Third Mainland. Masu gyara kuma su ce wai bairos ne! Malam, maimakon Windows sa Lubuntu ko Linux Mint Xfce, nau'o'in Linux marasa nauyi, a filashi mai 8GB da manhajar Rufus, ka girka. In da hali, sauya HDD da SSD na SATA, faifai mara juyi mai sauri. Amma kwashe fayilolinka tukuna, girkawar tana goge faifan.