Shekara 16 Ana Cewa "Lokaci Bai Yi Ba"

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, salama a gare ku. Maganar da zan yi yau ni ta fara kamawa kafin kowa, don haka kada wani ya ce da shi nake. In kuwa ta taɓa ka, yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani ɗan littafi can wajen ƙarshen Tsohon Alkawari da yawancinmu ke tsallakewa, littafin annabi Haggai. Sura 2 ne kacal, ayoyinsa duka 38, ko minti goma ba zai ci maka ba. Na yi shekaru ina zuwa sujada kafin in zauna in karanta shi da natsuwa. Ranar da na karanta kuwa, sai na ji kamar mai rubutun ya leƙo ɗakina ne.

Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta ƙone Haikalin Urushalima, ta kwashe mutanen Yahuza zuwa bauta. Bayan kusan shekara 50, Sairus sarkin Farisa ya ci Babila da yaƙi, a shekara ta 538 kuma ya ba su izinin komawa gida su sake gina Haikalin. Littafin Ezra ya ce taron da ya koma mutum 42,360 ne, ban da barorinsu. Ku lura, waɗannan ba masu sanyin zuciya ba ne. Sun bar zaman da suka kafa a Babila, suka kama doguwar hanya zuwa birnin da ya zama kufai, saboda Allah. Da isarsu suka gina bagade, a shekara ta biyu suka kafa harsashin gini. Ran nan aka yi ta sowa, tsofaffin da suka san Haikali na fari suka fashe da kuka, har ba a iya rarrabe muryar murna da ta kuka.

Daga nan sai shiru. Maƙwabta suka tayar musu da hankali, suka sayi mashawarta don su ɓata shirin, aiki ya tsaya cik. Shekara ta bi shekara harsashi na kwance, har zuwa shekara ta 2 ta sarautar Dariyus, wato 520, lokacin da Allah ya aiko Haggai wurin Zerubabel mai mulki da Yoshuwa babban firist. Wajen shekara 16 ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ke bakin jama'ar. Ba wanda ya ce ya fasa bin Allah, ba wanda ya ce Haikali ba shi da amfani. Cewa kawai suke yi lokacin gina gidan Ubangiji bai yi ba tukuna (Haggai 1:2). Sai Allah ya mayar musu da tambaya: to, lokacin zamanku a gidaje masu rufi da ado ya yi, nawa gidan kuma yana zaman kango? Maƙiyan da suka hana a aza dutse ɗaya a Haikali ba su hana kowa yi wa ɗakinsa rufin katako ba. Uzurin da ya fara da gaskiya ya daɗe har ya zama hali.

Mu ma bakinmu ɗaya da su. Da wuya ka sami matashi a cikinmu da zai buɗe baki ya ce ya rabu da Yesu. Abin da muke cewa shi ne, bari in gama jarrabawa. An gama jarrabawa, bari in sami aiki. An sami aiki, ai sabon ma'aikaci ba shi da lokacin kansa, bari in zauna da gindina tukuna. Sai maganar aure ta taso, sai haihuwa, sai kuɗin makarantar yara. Kowane mataki da uzurinsa, kowane uzuri kuma gaskiya ne, shi ya sa abin yake da haɗari. Da zunubi ne ƙiri-ƙiri, da tuni lamiri ya hana mu barci. Amma wa lamirinsa zai dame shi don yana neman halaliyarsa?

Ku duba misalin babban biki a Luka 14. Mutum uku ne aka faɗi uzurinsu: ɗaya ya sayi gona zai je ya gani, ɗaya ya sayi shanun huɗa guda 10 zai je ya gwada su, na ukun sabon ango ne. Gona, shanu, amarya, ina laifi a nan? Duk da haka maigidan ya ce ko ɗaya daga cikin waɗanda aka gayyata da fari ba zai ɗanɗana abincinsa ba. Haka ma irin da ya faɗa cikin ƙaya a Markus 4. Bai mutu ba, ya tsiro, sai dai damuwar duniya da ruɗin dukiya da kwaɗayin wasu abubuwa suka shaƙe shi, bai ba da amfani ba. Daga nesa za ka ga gona shar, sai ranar girbi a tarar ba ko zangarniya ɗaya.

Ni dai wayata ce ta tona mini asiri. Akwai wurin da take nuna tsawon lokacin da mutum ya yi yana latsa ta. Wata rana na buɗe don son sani kawai, sai na ga abin da na ba ta a yini ɗaya ya fi abin da na ba addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a mako guda. A kwanakin nan ne kuma na gaya wa wani dattijon ikkilisiya, ido cikin ido, cewa rashin lokaci ne ya hana ni zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki. Bai ce mini komai ba, sai "Allah ya ba da sarari, ɗana." Har yau in na tuna kunya nake ji. Mako yana da awa 168. In ka cire awa biyu ko uku na sujadar Lahadi, sauran ina rabon Allah a ciki?

Gaskiyar magana, ragowa muke ba shi. Ragowar ƙarfi, can da dare bayan an gama hira da kallo, a fara addu'a a kan gado, a farka da safe ba a kai ga "amin" ba. Ragowar kuɗi, abin da hannu ya lalubo a aljihu sa'ad da kwanon baiko ya iso layinmu. A zamanin annabi Malakai mutane na kawo makafin dabbobi da guragu da marasa lafiya hadaya, sai Allah ya ce su kai wa mai mulkinsu irin wannan su gani ko zai karɓa (Malakai 1:8). Tambayar tana nan da zafinta. 'Yar'uwa, makarar da kike yi wa sujada, za ki iya yi wa ranar ganawar neman aiki? Ɗan'uwa, za ka iya tsayawa gaban shugabanka na wurin aiki, yana magana kana duba saƙonni, yadda kake yi ana wa'azi? Karin Magana 3:9 ta ce a girmama Ubangiji da nunan fari. Mai ba da nunan fari yana bayarwa ne tun bai san yadda sauran girbin zai kasance ba, a nan ne bangaskiya take shigowa. Ragowa kuwa ko marar bangaskiya zai iya bayarwa.

To, kada wani ya ji wannan ya ce maganin shi ne ya cika makonsa da hidimomin ikkilisiya, Litinin koyon waƙa, Talata taron kwamiti, Laraba addu'a, har mako ya zagayo. Ikkilisiyar Afisa ta fi mu himma. A Wahayin Yahaya sura 2 Ubangiji ya yaba aikinta da wahalarta da jimirinta, ya yaba yadda ta gwada manzannin ƙarya ta gane su, sannan ya ce yana da magana a kanta: ta bar ƙaunarta ta fari. Marta ma ai ba yawon banza ta tafi ba, Yesu take yi wa hidima a cikin gidanta, amma hidimar ta ɗauke mata hankali daga Yesun kansa, Maryamu kuwa ta zauna a gabansa tana sauraro. Na ga 'yan'uwan da ba a buɗe ƙofar majami'a sai da su, amma rabonsu da su rufe ƙofar ɗaki su yi addu'a su kaɗai har sun manta. Irin wannan ya fi wuyar ganewa, domin kowa yana yabonka.

Kada kuma a fake da sunan Allah a gudu daga hakki. Yesu ya tsawata wa masu cewa dukiyarsu "Korban" ce, wato an keɓe wa Allah, don kada su taimaki iyayensu (Markus 7). Bulus ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar ba da gaskiya muni, ya kuma gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci. Ɗalibin da ya bar littattafansa ya kwana addu'ar dare ana gobe jarrabawa, ya faɗi ya ce jarabar Shaiɗan ce, bai sa Allah gaba ba, lalaci ya yi wa rigar ibada.

Akwai kuma masu mai da Matiyu 6:33, ayar da ta ce mu fara neman Mulkin Allah da adalcinsa sai a ƙara mana sauran abubuwa, takardar ciniki: in ba Allah sassafe da zakka, shi kuma ya ba ni mota da gida. Ku koma ku karanta ayoyin da ke gabanta. Abubuwan da Yesu ya ce za a ƙara mana su ne ci da sha da sutura, maganar gaba ɗaya kuma a kan damuwa take. Bulus ya sa Almasihu gaba da kome, duk da haka sau 5 ana yi masa bulala arba'in ba ɗaya, ya kuma ce ya san ƙoshi ya san yunwa. Gaskiya ne mutanen Haggai sun shuka da yawa sun girbe kaɗan, ma'aikaci na zuba ladansa a huɗajjen aljihu, Allah kuma ya ce shi ya sa hakan don su farga. Amma wannan hukunci ne da annabi ya bayyana a kan wata al'umma a wani lokaci. Bai ba ka izinin kallon ɗan'uwanka matalauci ka ce bai sa Allah gaba ba. Abokan Ayuba sun gwada irin wannan lissafi, Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Inda ake gane wanda ke gaba a zuciyar mutum shi ne ranar da abu biyu suka yi karo. Ranar da aka ce ka canza lamba ɗaya a takarda ko ka rasa ƙarin girma. Ranar da amsoshin jarrabawa suka shigo wayarka kowa na kwafa. Ranar da wanda zuciyarki ke so ya ce in kina ƙaunarsa da gaske ki nuna masa tun kafin aure. Ranar da ka tashi kai baiko ka tuna akwai ɗan'uwan da ke da magana a kanka, Yesu kuwa ya ce ka ajiye baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). A irin waɗannan ranaku ba a samun lokacin tunani, abin da mutum ya saba shi ke fitowa.

Daniyel na ɗaya daga cikin manya 3 da ke bisa hakimai 120 na daular Mediya da Farisa, ba wanda zai ce masa ba shi da aikin yi. Da aka kafa dokar hana roƙon kowa sai sarki har kwana 30, ya hau ɗakinsa na bene mai tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau 3 a rana. Daniyel 6:10 ta ƙara da cewa, kamar yadda ya saba. Wannan ɗan ƙarin shi ne sirrin labarin duka. Ba dokar ce ta koya masa addu'a ba, ta same shi ne a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ba mai tsawo ba ce. Ka zaɓi lokacin da hankalinka ya fi zama naka, ka ba Allah shi tun kafin wani abu ya cinye. Ga yawancinmu asuba ce, kafin hannu ya kai ga waya. Yesu kansa, bayan yinin da mutanen Kafarnahum suka taru a bakin ƙofa da marasa lafiyarsu har dare, ya tashi da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a (Markus 1:35). Mai aikin dare ko mai jego su nemi nasu lokacin, ba doka ba ce. Sabon Alkawari sura 260 ne, in kana karanta sura ɗaya kullum, kafin wata 9 ka sauke. Ka ware baikonka ranar da kuɗi suka shigo, kada ka jira ranar da suka kusa ƙarewa. Ka kuma nemi ɗan'uwa ɗaya mai tsoron Allah da zai riƙa tambayarka gaskiya, ba mai ce maka "ba komai" kullum ba. In ka yi fashin kwana biyu, ka ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka jira sabuwar shekara.

Abin da Allah ya nema daga mutanen Haggai ma ba irin zinariyar da Sulemanu ya sa a Haikali na fari ba ce. Cewa ya yi su hau tudu su kawo katako su yi gini, zai ji daɗinsa. Suka ji tsoron Ubangiji, suka yi biyayya, saƙon da ya biyo baya kuwa gajere ne: "Ina tare da ku." Haggai ya yi magana ranar 1 ga wata na 6, ranar 24 ga watan nan aka kama aiki, kwana 23 ke nan tsakani. Bayan wata guda wasu suka fara karaya, domin a idon waɗanda suka san na fari sabon ginin kamar ba kome ba ne, Allah ya sake aiko annabin ya ce su yi ƙarfin hali su ci gaba. Maƙwabta ma ba su bari ba, har wasiƙa mai mulkin yankin ya aika wa Dariyus yana neman a bincika ko da gaske Sairus ya ba da izini. Wannan karon dai ba a ajiye aiki ba. Ranar 3 ga watan Adar, wato wata na 12, a shekara ta 6 ta sarautar Dariyus, aka gama Haikalin, wajen shekara 4 da rabi bayan wa'azin Haggai. Da wata ya kama, ranar 14, waɗanda suka dawo daga bauta suka yi Idin Ƙetarewa.