Fitilar benenmu ba ta san mai tsayuwa ba

Benen da nake haya a ciki ya girme ni nesa ba kusa ba. Idan iska ta kaɗa a waje, labulen ɗakina ma rawa yake yi, alhali taga a rufe take ruf. Kuɗin wuta kuwa kada ma a tambaya. Shi ya sa da masu gidan suka tara mu suka ce za a gyara ginin ya rage shan wuta, har tafi na yi.

Injiniyan ya fara da wata kyamara mai ganin zafi. Lokacin sanyi ne, kowa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, shi kuma ya tsaya a waje da dare ya ɗauki hoton ginin. Duk inda ɗumi yake tserewa sai ya fito jawur. Da ya nuna hoton a taron 'yan haya, taga ɗaya ce ke ci kamar garwashi. Ya ce, "Mai ɗakin nan, titi yake ɗumamawa da kuɗinsa." Kowa ya juyo ya kalle ni. Ni ma na juya na kalli bayana, bango na gani.

Aiki ya kankama. Aka liƙa wa bango allunan soso masu kauri daga waje aka bi da filasta, aka shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, aka cire tsofaffin tagogi aka sa masu gilashi biyu da iskar argon a tsakani, wadda zafi ba ya ratsa ta da sauri kamar iskar da muke shaƙa. Ƙwayayen fitila duk aka mayar da su LED, waɗanda cinsu bai wuce kashi 25 cikin 100 na tsohon ƙwai mai zare ba. Gaskiya ɗaki ya yi daɗi, mita ma ta rage gudu.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne, ashe hayaniyar titi rufin asiri ce. Da sababbin tagogi suka toshe ƙarar motoci, sai ƙarar cikin gida ta fito fili. Na gano maƙwabcina na sama yana jan kujera da tsakar dare, ban san ina yake kai ta ba. Dattijon da ke gefena kuma ya tare ni ya ce, "Yaro, injin da kake kunnawa da dare, ba a haɗa da shi a gyaran ba?" Minsharina yake nufi.

Sai kuma danshi. Da, numfashinmu da tururin wanka da na shanya duk ta ɓulolin taga suke ficewa. Yanzu babu hanya, sai suka tare a kusurwar bayan kabad, bango ya fara baƙi-baƙi. Injiniya ya ce danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60, kuma in riƙa wangale taga na 'yan mintoci safe da yamma. Wato tagar da aka kashe kuɗi aka toshe, ita ce zan buɗe da hannuna.

Amma wadda ta gama da ni ita ce fitilar matakala. An sa mata ido mai jin motsin ɗumin jiki, idan ka tsaya cak, a wurinta ba ka nan. Ina tsaye a ƙofa, kaya a hannu biyu, ina laluben makulli, sai ɗif, duhu. Na ɗaga ƙafa, shiru. Na kaɗa kai, shiru. Na shiga juya ƙugu ina ɗaga kafaɗa, ina tsalle da ƙafa ɗaya. Fitila ta kawo daidai lokacin da dattijon nan ya buɗe ƙofarsa da jikokinsa biyu a baya.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Na ce, "Baba, fitila nake kunnawa."

Ya ce, "To madalla. Ci gaba har mu sauka, kada ta ɗauke mana a hanya."