Mu Tashi Mu Koma Ina?

Tun bayan sallar asuba nake kan layi a filin firamaren da aka tsugunar da mu, sai da rana ta take tsaka aka zo kaina. Kwana goma sha ɗaya ke nan da ruwa ya ci mana ɗaki uku, ya kwantar da shinkafar da ta fara fid da kai, rumbun gero ya narke kamar fura a nono. Iyalina aji ɗaya suke kwana da wasu gidaje huɗu, zani ne kawai ya raba tsakani.

Yaron da ke riƙe da takardar sunaye ko sa'an ɗana na fari bai kai ba. Na yi masa sallama, bai amsa ba, yana ta latsa waya. Na faɗi sunana da na unguwarmu. Ya bi takarda da biro sama-sama, ya ce babu. Na ce, "Yallaɓai, a taimaka a ƙara dubawa, mai unguwa da hannunsa ya rubuta ni." Sai ya ɗago, ya ƙare mini kallo tun daga hula har silifas ɗina da ya sha taɓo, ya ce, "Baba, ku fa kun cika son banza. Duk shekara ana faɗa a rediyo ku tashi daga bakin kogi, ku yi kunnen uwar shegu. Ruwa ya zo, ku taho da kwano. Gwamnati ce ta ce ku yi gini a hanyar ruwa?" Na kusa da shi ya tuntsire da dariya. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na gaba!" Duk wannan wulaƙancin a kan kwano biyu na shinkafa da tabarmar roba.

To tunda bai bar ni na amsa ba, ga amsar. Gidan nan kakana ne ya kafa shi. A zamaninsa kogin Haɗejiya kan cika ya janye a lokacinsa, a bi bayansa a yi shuka. Aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. Ciyawar kachala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin kogi, ruwa ya rasa inda zai bi sai gonakinmu da ɗakunanmu. Mu muka shuka ta? Da lauje muke shiga ruwa har wuya muna yankanta a gayya, aikin da injin gwamnati ya kamata ya yi kafin damina.

Kuma mu tashi mu koma ina? An yanka mana fili a tudu muka ƙi? Wanda bai da kuɗin buhun taki, da me zai sayi fili ya yi gini, ya bar gonar da take ciyar da shi? Sanarwar rediyo ba ta zama ɗaki.

Ban ce talaka ba shi da laifi ba. Akwai masu juye shara a kwata, akwai masu gini a kan magudanar ruwa a birni, amma a tambaya wa ya buga musu hatimi a takarda. A 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a ƙasar nan, aka yi ta jaje da ɗaukar hoto kusa da buhuna. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har fadar Shehu da asibitin koyarwa. Su ma son banza ne ya kai su? Madatsar nan ta taɓa yin haka a 1994, shekara 30 cur ana kallonta. Akwai asusun kula da muhalli da ake kasafta wa jihohi da ƙananan hukumomi kuɗinsa. Ina jingar da aka yi mana da shi? Ina yashe kogin?

An ce in dawo ranar Alhamis tare da mai unguwa. Na koma aji hannu rabbana, ƙaramar jikata ta rugo tana leƙa bayana ko na ɓoye buhun.