Matar da ta tare ƙofar gidan jarida

A 2023 Amurka ta buga sulalla na senti 25 ɗauke da hoton wata mata, Jovita Idar. Ina kyautata zaton yawancin masu karɓar canji da shi ba su san ko wace ce ba. 'Yar jarida ce, ɗiyar ɗan jarida, an haife ta a 1885 a Laredo, kan iyakar Teksas da Meziko.

Ni a ganina, duk lokacin da aka tashi ba da labarin gwagwarmayar Amurkawa 'yan asalin Meziko, ana yi wa ƙananan jaridunsu rowar yabo. Kowa bakinsa César Chávez, jagoran ma'aikatan gona, da yajin aikin masu tsinkar inabi na 1965. Ba laifi. Amma tun kafin a sami masu cika titi, akwai waɗanda suka zauna suka rubuta sunayen gawawwaki.

A watan Nuwamba na 1910, a garin Rocksprings na Teksas, taron fararen fata suka fito da wani ɗan Meziko, Antonio Rodríguez, daga kurkuku suka ƙone shi da ransa bisa zargin kisa, ba alƙali ba shari'a. Bayan wata bakwai, a Thorndale, aka yi wa Antonio Gómez, yaro ɗan shekara 14, kisan taron dangi. La Crónica, jaridar Nicasio Idar mahaifin Jovita, ta ƙi bari maganar ta mutu. Ta yi ta nanatawa da Sifaniyanci, harshen da ake kuka da shi a gidajen mamatan. Ta kuma haɗa kisan da sauran ciwon: gonakin gado da ke suɓucewa daga hannun masu su, da yaran da ake ware wa lalatattun makarantu. Jovita ta san wannan ciki da bai, don ta yi koyarwa a irin waɗannan azuzuwan kafin ta ajiye alli ta ɗauki alƙalami.

Mutumin da ke zaune a ƙauyensa yana zaton ƙaddararsa ce shi kaɗai. Da ya ga labarin garin da bai taɓa zuwa ba ya yi kama da nasa, sai tunani ya sauya. Ta shafukan jaridar nan aka kira babban taron da aka yi a Laredo a Satumban 1911, daga cikinsa kuma aka kafa ƙungiyar mata, Jovita ce shugabarta ta farko, suna koyar da 'ya'yan talakawa kyauta.

Daga baya ta koma wata jaridar, El Progreso. Aka buga sharhi mai sukar Shugaba Woodrow Wilson kan tura sojoji, sai ga jami'an Texas Rangers, 'yan sandan jihar Teksas, sun zo rufe gidan. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce babu mai shiga. Suka juya. Da suka dawo ba ta nan, suka farfasa injin buga jaridar. Wai ba a tsoron takarda, to me ya kai masu bindiga fasa inji?

Ba zan yi musu kuɗin goro ba. La Prensa ta San Antonio, wadda Ignacio Lozano ya kafa a 1913, ta fi su girma da kasuwa, amma hankalinta ya fi karkata ga siyasar can gida Meziko. Ƙananan ne suka fi shiga ƙurar unguwa.

Dubi San Bernardino a Kalifoniya, inda aka hana 'yan asalin Meziko shiga wurin ninkaya na gari, alhali da harajinsu ake tafiyar da shi. Aka kai ƙara kotun tarayya, aka yi nasara a 1944. Cikin masu ƙarar biyu editoci ne, Ignacio López na jaridar El Espectador da Eugenio Nogueras. Har yau da sunan López ake kiran shari'ar.