A bar mana sunayenmu na wasan domino

A majalisarmu ta Jekadafari, nan Gombe, sai an idar da sallar isha'i muke shimfiɗa tabarma mu zube domino. Ba kuɗi, ba caca, shayi ne kawai. Jiya wani ƙanenmu da bai daɗe da fara zama da mu ba ya ce mu daina laƙaba wa kuskuren mutane suna, wai cin fuska ne. Na kwana da maganar a raina, kuma gaskiya ban yarda ba.

'Ya'yan domino 28 ne, mutum huɗu kowa ya ja bakwai, biyu-biyu ake haɗa kai. Kowace lamba tana jikin 'ya'ya bakwai, don haka mai lura ya san abin da ya rage a hannun mutane. Sunayen nan su ke koya wa sabon shiga wannan lurar.

Ka ɗora biyar a bakin huɗu, mu ce auren dole. Ka karkata hannu har na gefenka ya ga 'ya'yanka, baje koli ke nan. Ka ƙwanƙwasa ka ce ba ka da ɗan da za ka ɗora alhali yana hannunka, kukan daɗi. Wanda ya toshe lambar da ɗan ɓangarensa yake ta ginawa kuwa, sunansa kishiya har a tashi.

Amma babban su shi ne rufe ƙofa da ɓarawo. Mutum ya ga damar kulle wasa, wato ya buga ɗan da zai sa kowa ya rasa abin ɗorawa, zumuɗi ya ɗebe shi, ya buga ɗan da ƙarfi har kofin shayi ya girgiza. A buɗe hannu a ƙirga, sai ga shida-shida kwance a wurinsa, ɗigo 12 a ɗa ɗaya, ɓangarensa ya fi kowa nauyin ɗigo, sun faɗi ke nan. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka kira wa wannan sunan ya sake kulle wasa bai ƙirga ba.

Kuma akwai ladabi a ciki, abin da ƙanen namu bai lura da shi ba ke nan. Ranar da dattijon majalisar ya yi irin wannan kullewar, ba wanda ya furta sunan. Wani ne ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, da an leƙa ɗakin kafin a sa sakata." Baba ya yi dariya har da share hawaye, ya ce a zuba wa yaron shayi, a sake juya 'ya'yan.