Ku Daina Cire Wa Beetle Gwangwaninta!

Wallahi abin nan yana ci mini rai. Ka kai Beetle ɗinka gareji a Jos, yaron makanike ya kwance gwangwanayen da ke zagaye da inji ya jefar, wai don injin ya sha iska. Haba malam! Motar nan ba ta da lagireto. Fanka ce ke hura iska, gwangwanin kuma shi ke bi da ita kan silinda. Ka cire shi, ka yage robar gefe, sai injin ya riƙa zuƙar zafin salansa. Kafin ka gama hawan Kibo, tudun nan na hanyar shiga Jos, man inji ya tsinke, bawul ya ƙone.

Tun 2003 aka daina ƙera tsohuwar Beetle mai irin wannan inji a Meziko. Ina zan samo wani gwangwanin?