Ni da alfadarin Tubkal

Tunda hoton ya riga ya gama gari har mutuminku na Mabera ya ɗora shi a status, bari in faɗi abin da bakina, don rabin abin da ake yaɗawa ƙari ne. E, ni ne bisa alfadarin. Amma ba kuka nike ba, iska ce ta shigar min ido.

Kun dai san aminin Baba na Maroko, wanda sunka haɗu wajen ziyarar Shehu Tijjani a Fas tun ba a haife ni ba. Gidansa na sauka a Marrakesh, kwana huɗu ana ɗura min abinci kamar ragon layya. Daren farko Hajiyar gidan ta aje tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu irin tasu, gabana tana cewa kul, kul, ni kuwa Bahaushe na ji kul sai na janye hannu na yi tsuru-tsuru, sai da ɗansu ya ce ci take nufi. Duk Larabcin islamiyyata ya gudu ya bar ni. To ranar Juma'a ana cikin santin kuskus ɗan nasu ya ce za su hau Tubkal shi da abokansa, tafiyar kwana uku, ko zan bi su? Na ce mi ne ne Tubkal. Ya ce dutse ne, babu wanda ya kai shi tsawo duk Arewacin Afirka, mita 4,167. Sai bakin nan nawa, wanda Inna ta daɗe tana cewa shi zai kai ni ya baro, ya buɗe ya ce haba ɗan'uwa, mu da muke azumi cikin zafin Afrilu a Sakkwato muna yawo tsakar rana, wane dutse kuma. Ni da ban taɓa hawan abin da ya wuce gadar sama ta Rijiyar Ɗorowa ba, ita ma bisa kabu-kabu.

Munka ɗauki tasi zuwa Imlil, ƙauyen da ake fara hawa, munka samu ɗan jagora don tun ƙarshen 2018 ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai, jandarmomi na kan hanya suna duba fasfo. A nan ana ba da hayar takalmin hawa da sanduna. Na ce kambas ɗina na gwanjo ya ishe ni, sanda kuma ta tsofaffi ce da makiyaya.

Yanzu bari in yi muku maganar tsohuwar nan, don ita ce har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Baturiya ce, Bajamushiya aka ce, wallahi ta girmi Gwaggo, fata duk ta tattare, ga sanduna biyu ƙwas ƙwas ƙwas. Awa ɗaya da fara tafiya ta wuce ni ina haki, ta ɗago babban yatsa ta ce bravo. Na yi murmushi. Can gaba na tarar da ita ta tsaya tana ɗaukar hoton awaki, na wuce ta na ji daɗi a raina, minti goma ba a yi ba sai ga ƙwas ƙwas a bayana, bravo. Sau huɗu baiwar Allahn nan tana wuce ni, kuma ba sauri take ba, tsayawa take ta ɗauki hoton ciyawa ta sha ruwa ta gyara hula sannan ta zo ta sake wuce ni. A na huɗun har dabino ta miƙo min guda ɗaya. Ni! Ɗan Sakkwato za a ba dabino ɗaya kamar almajiri ya zo buɗa-baki. Na karɓa dai na ci, don a lokacin ko ƙwallon ta ba ni zan tsotsa.

Wajen rabin hanya akwai wani wuri Sidi Shamharush, ƙaton dutse an shafe shi da farin fenti, wai fadar sarkin aljanu ce, mutane na zuwa neman waraka. Na ce au, Shamharushun da muke ji a labari ashe nan yake zaune. Daidai nan kaina ya fara sarawa kamar ana dakan gero a ciki, na ce wa ɗan jagora ko mutanen ɓoye ne sunka yi min maraba. Ya ce ba aljani ba ne, iska ce ke raguwa in ana yin sama, jikin da ya saba da ƙasa-ƙasa sai ya yi bore, shwayya shwayya kawai, wato sannu sannu. Sai na sha ruwan lemun zaƙi kofi biyu, irin wanda suke sanyayawa da ruwan dutse. Ku riƙe maganar lemun nan.

Ba mu yi nisa ba ƙafafuna sunka ce su fa sun gama. Na zauna bisa wani dutse na ce ina kallon ikon Allah ne. Ɗan jagora ya dube ni ya kira wani mai alfadari da ke kai kaya masaukin sama. Mutumin ya zo ya kewaye ni sau biyu yana duba ni sama da ƙasa kamar mai taya sa a kasuwar Achida, har da ɗan taɓa min kafaɗa, sannan sunka fara ciniki da yarensu na Barbar, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na ga yana nuna tumbina yana girgiza kai. Wato kuɗina ya fi na tukunyar gas. Aka sauke gas ɗin guda, aka matsar da buhun burodi gefe, mutum uku sunka ɗaga ni. Ɗagawar farko ƙarfinsu ya yi yawa na zarce ta ɗaya gefen, Allah ya sa mai alfadarin ya cafke min wuyan riga. A ta biyu na buɗe ƙafa sai na ji ɓarrr, wandon ya rabu tun daga gaba har baya, ga iskar dutse mai sanyin ƙanƙara tana shiga inda bai kamata ba.

Shi kuma alfadari ban san mi ke tsakaninsa da bakin rami ba. Ga hanya nan da faɗinta amma sai ya bi can gefe-gefe inda in ka leƙa ba ka ganin komai sai rafi can ƙasa kamar zare. Na fara da addu'ar hawa abin hawa a hankali cikin mutunci, kafin a jima na koma kalmar shahada da ƙarfi na rungume wuyan dabba, mai shi na bayana riƙe da wutsiya yana ta waƙarsa. Sai lemun nan ya ce shi ma bari ya fito ya ga gari. Na yi ƙoƙarin kauce wa burodin mutane, Allah shaida na yi ƙoƙari. Ina ɗago kai hawaye shaɓe-shaɓe, wato iskar nan da na ce muku, wa zan gani zaune bisa dutse tana ɓare ayaba. Ta dube ni, ta dubi wandon, ta dubi burodin. Ta ɗaga yatsa. Ba sai na faɗi abin da ta ce ba.

Daidai lokacin ne ɗan gidan ya ɗauki hoton. Ya tura wa babansa, babansa ya tura wa Baba, Baba da ko saƙo bai iya buɗewa sai an taya shi ranar nan ya iya turawa Yaya, ita kuwa kun san ta.

Masaukin yana wajen mita 3,200, gadaje bisa gadaje, minshari da yare kala-kala. Ruwan alwala kuwa hunturun Sakkwato wasan yara ne. Kafin asuba kowa ya ɗaura tocila a goshi sunka yi sama, ni na zauna kicin da mai dahuwa cikin aron wando muna ferar dankali da shan shayin na'a-na'a. Burodin dai ban ci ba. Kafin azahar tsohuwar ta sauko ta zo har kicin ta nuna min hotonta jikin ƙarfen nan mai kamar dala da ke can ƙololuwa.

Da na dawo gida Baba bai ce komai ba sai cewa ya yi ai kakanninmu ma bisa jaki sunka tai Makka. Wandon yana wurin telan bakin layinmu sati uku ke nan, kullum in na je sai ya ce in sake ba shi labarin tukuna.